Farantan Gadon Misis Fenwick

Cheltenham,
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Goggo Mavis,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ɗanki da aikin ofishin ruwa ya jefa kudu. Ina fata gwiwar nan ta hagu ta sassauta miki, kuma kin daina hawa kujera kina goge saman kabad tunda likita ya hana. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar ƙunar da na samu a cinya, ita ce ma dalilin wannan wasiƙa.

Goggo, na samu matar aure. Don Allah kada ki yi dariya. Sunanta Rosalind Fenwick, a laburaren gari take aiki. Ta shigo ɗakina ta ga farantan nan ɗari uku da nake tarawa, har da waɗanda na jera a cikin baho, ba ta gudu ba. Tambayata ma ta yi wanne ya fi tsufa. Shekarata arba'in da ɗaya a duniya ba macen da ta taɓa yi mini wannan tambaya, shi ya sa na ce ta aure ni. Ta ce ta yarda, amma sai in mahaifiyarta ta amince, domin tun rasuwar babanta su biyu ne kaɗai a gida, kuma ba za ta fita ta bar tsohuwa da fushi ba.

Ranar Lahadi aka gayyace ni cin abincin rana. Misis Fenwick mace ce mai jiki, gashi a rine, magana ta hanci irin ta manyan kudu. Ta tambaye ni mutumin ina ne. Ina cewa Burslem sai ta ajiye cokali, ta dube ni kamar na ce mata daga gidan yari na fito.

Sai aka kawo abinci a cikin wasu kayan tangaran farare masu furen wardi, da ruwan zinariya a baki. Dama Rosalind ta gaya mini gado ne daga kakan kakan mahaifiyarta, wani limamin coci, wai sun kusa shekara ɗari biyu. To kin san halinmu mutanen Burslem da duk yankin Stoke, masu sana'ar tangaran, ba ma iya ganin kwano ba mu leƙa gindinsa ba. Na daure lokacin miya. Na daure lokacin nama, har zama na yi a kan hannuwana. Amma da aka miƙo mini ɗan kwanon romo, ban san sa'ad da hannuna ya kifa shi ba. A cike yake, Goggo. Rabi ya sauka a cinyata, rabi a kan mayafin tebur, abin da ya rage kuma kyanwarsu ta samu a ka.

Misis Fenwick ta ce, "Mista Podmore, a garinku haka ake cin abinci?"

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe, haka ake duba kwano."

Ba ta sake yi mini magana ba har na tafi.

Ga abin da na gani kafin zafi ya isa inda ya isa. Babu tambarin masana'anta ko kaɗan, irin na da can kenan. Sai jan ɗigo uku a jere da wata 'yar ƙugiya a ƙarƙashinsu. Da suka shiga kicin neman tsumma na ɗaga faranti ɗaya a taga, ina ganin inuwar yatsuna ta cikinsa. Na ƙyasta kofi da farce, ya yi ƙara mai tsawo. Laka dai mai kyau ce. Zanen ne bai cika mini ido ba. Wasu wardin sun buɗe da yawa, sai ka ce kabeji. Ina jin ɗan koyo ne ya yi su, ko kuwa wani mai saurin a tashi daga aiki.

Ke da kika shekara talatin da takwas kina zanen fure a masana'antar Brindlow, babu alamar mai zane da ba ki sani ba. Ta wace ce wannan, kuma ta wane zamani? In na tabbatar wa matar nan tsufan kayanta, na san za ta yafe mini romo. Aurena yana hannunki.

Ɗanki,
Clive

Cheltenham,
5 ga Afrilu, 1987

Goggo Mavis,

Ina gaishe ki da hankali a tashe. Lafiya kuwa? Mako huɗu ke nan ba ko layi ɗaya. Da kin yarda an sa miki waya a gida da ba mu kai haka ba. Kullum na karɓi jaridar gida da ake aiko mini, shafin rasuwa nake fara buɗewa, in ban gan ki ba sai in ji daɗi, can kuma haushi ya biyo baya. Cinyata ta warke, sai ɗan tabo.

Da na ji ki shiru, sai na yi ta maza na yanke hukunci da kaina. Na kwana biyu ina bincika littattafaina, na ga kaya marasa tambari masu jan ɗigo an yi su tun wajen 1810. Na sayi furanni na koma gidan. Na tarar da matar fasto da wasu mata biyu na coci suna shan shayi. A gabansu na miƙe na ce ni masani ne, kuma na shaida kayan nan sun haura shekara ɗari da saba'in. Don in ƙara faranta mata, na ce na riga na gayyato Mista Tranter, shugaban ƙungiyarmu ta masu tara tangaran, zai zo ranar 2 ga Mayu ya duba su, ya kuma yi rubutu a kansu a mujallar ƙungiya har da hoto. Ba ki san Tranter ba. Mutum ne da ke yawo da gilashin ƙara girma a wuya, yana ƙwanƙwasa bakin faranti da haƙori don ya gano inda aka yi gyara. Ba a taɓa ruɗinsa ba.

Rosalind ta yi tafi. Matar fasto ta ce abin alfahari ne ga unguwa. Ita kuwa Misis Fenwick, maimakon murna, fuskarta ta yi fari fat. Ta tashi ta kulle kabad ɗin gilashin, ta jefa makullin cikin rigarta. Washegari Rosalind ta same ni a ofis ido jawur. Wai uwarta ta ce muddin tana numfashi ɗan masu ƙona laka ba zai shigo danginta ba.

Me na yi mata, Goggo? Na kushe ba ta ji ba, na yaba ta yi fushi. Raini ne kawai irin na mutanen kudu, ni dai haka na gani. Don girman Allah ki amsa mini, ko da kati ne.

Naki cikin damuwa,
Clive

Burslem,
5 ga Afrilu, 1987

Clive,

Na samu takardarka ta watan jiya. Ka tambayi gwiwa, tana nan, muna zaman lafiya da ita tunda ita ba ta taɓa kirana 'yar koyo ba. Idon dama ya fara yana, likita ya ce sai kaka za a kankare. An rushe dogon bututun hayaƙin Brindlow ranar Talata, na je na tsaya na gani, ƙura ta ɓata mini hula. Ina taya ka murnar samun wadda za ta iya zama da kai. Ubanka ɗan kawuna ne, kuma shi ma sai da ya kusa tsufa aka samu mai haƙurin ɗaukarsa.

Yanzu sai maganar kabeji.

Ɗigo uku da ƙugiya alamata ce. Tun ina 'yar shekara goma sha biyar nake sa ta a gindin duk abin da na zana, kuma tana nan a gindin kofin da ka sha madara da shi a gidan nan har ka girma. Masani! Littafi ɗari ka karanta, kofin gidanku ne kawai ba ka kifa ba.

Kayan nan kuwa saiti ɗaya ne tak a duniya, guda tamanin da huɗu. A 1951 bencina yana kusa da na wata yarinya mai shafa zinariya, Queenie Bloor. Siririya kamar tsinken tsintsiya, ga wushirya, ga waƙa ba murya. Ƙawata ce ta ƙut da ƙut, burodi ɗaya muke rabawa. Ta haɗu da wani hafsan soja ɗan kudu, ɗan manyan mutane, ya ce zai aure ta, ita kuwa ba ta da ko cokalin da za ta shiga gidansu da shi. A lokacin, farar tangaran da ta fito da ɗan lahani, baƙin ɗigo ko 'yar karkata, ba a buga mata tambari, manaja yakan bar mu mu kwashe. Muka dinga tsince masu dama-dama. Duk hutun rana ina zana wardi da hannun dama ina cin burodi da na hagu, ita tana bi da zinariya, tsoho Harold mai tanderu yana saka mana su a lungu in zai gasa na kamfani. Wata goma sha huɗu muka yi a haka. Batun sauri ka yi gaskiya, rabin awa ake ba mu.

Aka ɗaura aure a kudu, ba a gayyaci kowa daga nan ba, ko sunan dangin mijin ba ta taɓa gaya mini ba. Kati ɗaya ta aiko mini daga bakin teku, daga shi ban sake jin ɗuriyarta ba. Shekara talatin da biyar ina cewa a raina, komai lalacewarta dai tana cin abinci a kan wardina. Sai ga takardarka. Ashe sayar da su ta yi wa masu kuɗi, su kuma suka ƙirƙiro limamin coci suka rataya musu. Wannan ne ya hana ni riƙe biro mako huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ba kabejinka ba ne. To, har da kabejin.

Zan zo in ga kayana da idona kafin yanar nan ta rufe shi.

Goggonka,
Mavis

Cheltenham,
8 ga Afrilu, 1987

Goggo, Goggo, Goggo,

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Na gode Allah kina raye, amma da na karanta taki sai da na zauna a kan matakala, maƙwabcina ya ɗauka ciwon zuciya ne. Allah ya sa aikin ido ya zo da sauƙi.

Na farko, ki yafe mini. Ba kabejin kasuwa nake nufi ba, irin mai kyau ɗin nan na lambu. Kuma hasken ɗakin ba shi da kyau, ga romo yana cin cinyata.

Na biyu, na roƙe ki da girman kabarin babana kada ki zo. Na karanta layinki na ƙarshe sau goma. Na san ki. Na tuna ranar da kika shiga gidan abinci a Hanley kika gaya wa mai gidan a gaban jama'a cewa farantansa ko kare ba zai yi alfahari da su ba. "Kayana" kika ce. Ina ganinki a ƙofar gidan Misis Fenwick da kwali da tsofaffin jaridu kin zo kwashewa, kina ɗaga murya matan coci suna leƙe ta taga. Baiwar Allah nan ta yi imani da limaminta. Wataƙila mijinta ne ya sayo su a gwanjo ya shirya mata labari. In aka tona a gaban mutane ta dalilin dangina, ni da Rosalind sai dai a lahira.

Ga kuma Tranter. In kin yi shiru ma, haƙorinsa zai gano. Na so in soke zuwansa, amma Rosalind ta riga ta gaya wa duk ma'aikatan laburare, har an liƙa sanarwa a allon coci. In na soke sai na faɗi dalili, in na faɗi dalili na zama maƙaryaci a gaban matar fasto. Yanzu haka an hana ni taka gidan. A bayan laburare muke haɗuwa da Rosalind kamar ɓarayi, jiya ma ta ce wataƙila gara mu haƙura. Ba na iya cin abinci. Ko farantaina na daina gogewa.

Ki zauna a gida, don Allah, ki bar ni in yi tunani.

Clive

Burslem,
14 ga Afrilu, 1987

Clive,

Lafiya lau. Tunaninka ne ya kai mu nan, ka huta haka.

Wa ya ce maka kwashewa zan yi? Gani na ce. Ina zan kai faranti tamanin da huɗu a ɗaki biyu? Zan hau motar safe ranar Talata 21 ga wata. Ka gaya wa Rosalind cewa babbar danginka tana so ta sha shayi da mahaifiyarta, kamar yadda ake yi a gidajen mutunci. Mai ji da kanta ba za ta ƙi wannan ba. Ta kawo ta gidan shayin da ke kallon tasha ƙarfe goma sha ɗaya, ta wuce aikinta. Kai kuma ka tafi ofishinka. In na hango ƙeyarka a wurin, motar da ta kawo ni zan bi in koma.

Mavis

Gidan Misis Fenwick,
Cheltenham,
23 ga Afrilu, 1987

Clive,

Ka duba adireshin da ke sama da kyau, ka nemi wuri ka zauna, ba a kan matakala ba. Ina lafiya, gwiwa ma ta ji daɗin gadon gidan nan. An ce mini kwana biyu kana sintiri a tasha kana tambayar direbobi ko sun ga wata tsohuwa mai koren hula. Ni na hana Rosalind gaya maka inda nake. Mutumin da ya ɗauka zan zo gidan mutane da kwali ya cancanci ya ɗan wahala.

Ga yadda aka yi. Yarinyar ta kawo uwarta ta ajiye ta tafi, kuma tun a nan na ga ka yi dace, yarinya ce mai hankali. Uwar ta zauna a gabana ƙiƙam, da safar hannu da sarƙar lu'ulu'u, ta ƙi kallon fuskata. Na ce sunana Mavis Cartlidge. Ta ce, "Madalla," ta hanci, tana kallon taga. Na yi maganar ruwan sama, ta ce haka ne. Na yi maganarka, na ce kana da kirki sai dai ba ka da wayo, ta ce ta lura. Ni kuwa ina ta auna ta da idona mai kyau, ina cewa a raina wannan ce ke cin nama a kan wata goma sha huɗu na rayuwata.

Mai hidima ta kawo kofuna ta jera, ta koma ɗauko butar shayi. Ni dai ka san ba na jira, na ɗage kofi na kifa ɗan farantin ƙarƙashinsa. Ina ɗago kai sai na ga abin mamaki. Matar nan ta cire safar hannu, nata ɗan farantin yana kife a tafinta, tana bin bakin zinariyar da babban yatsa. Ba ta ma san tana yi ba. Can na ji ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta hanci ba, da muryar layinmu sak, "Bugun inji ne, ko wanki goma ba zai kai ba."

Clive, mutum ɗaya na sani a duniya mai lanƙwasa babban yatsa haka a bakin faranti. Na ce, "Buɗe bakinki in gani."

Ta ce, "Na'am?"

Na ce, "Wushiryar nake nema, Queenie Bloor."

Ta ajiye ɗan farantin. Sai ta ce, "Na sa an cike ta tun 1960." Daga nan ta fashe da kuka, irin na majina da komai, mai hidima tana tsaye da buta ta rasa inda za ta zuba.

Ban rarrashe ta ba. Na ce, "Ja'ira, shekara talatin da biyar! Ko katin Kirsimeti? Uwata ta rasu tana tambayarki."

Ta ce, "Mavis, ki rufa mini asiri ki rage murya, matar likita ce a teburin can."

Na ce, "Ta ji mana! Ke har kin samu kakan kaka limami? Kakanki da na sani Bloor mai tura amalanken gawayi, wanda ko ƙofar coci bai sani ba sai ranar da aka shiga da shi a akwati!"

Sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kukan, ni ma ta ƙwace mini, matar likita ta tashi ta canza tebur.

Ta ba ni labari. Ranar da aka fara cin abinci a gidanta na aure, uwar mijin, wadda dama ba ta son auren, ta ɗaga faranti ta ga ba tambari, ta ce, "A'a, waɗannan ai tsofaffin kayan gado ne. Ashe ke 'yar gidan mutunci ce." Queenie tana da shekara ashirin da uku, ita kaɗai a cikin baƙi, sai ta ce e. Wannan e ɗin guda ɗaya ita ta yi ta ciyarwa har yau. Aka tambayi mai kayan, ta samo limami. Aka tambayi garinsu, ta matsar da shi mil hamsin. Ta koyi maganar hanci a gaban madubi. Ta ce wasiƙa ɗaya mai hatimin gidan wayan Burslem ta isa ta rushe komai, shi ya sa ba ta rubuto ba. Mijin ya rasu bai sani ba. A otal ko gidan biki, jaka take riƙewa da hannu biyu don kada hannun ya ci amanarta. Ranar Talata tana jin sunana tsoro ya sa ta manta da jakar.

To ka ga, ba raini ba ne, sakarai. Tsoronka take ji. Tun da ka ce Burslem ta tsorata, da ka kifa kwanon romo ta ce shi ke nan, ga mai tona ta ya shigo gida, kuma so yake ya zauna har abada. Sai kuma ka tashi ka gayyato mai haƙori.

Na ce mata ni na ɗauka sayarwa ta yi. Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ce, "Sayarwa? Tashi mu je." Muka hau tasi zuwa gida, ta laluɓo makullin daga inda ka ce, ta buɗe kabad. Guda tamanin da huɗu, Clive, na ƙirga da hannuna. Ko ɓantarewa babu. Sau huɗu suna ƙaura, ita take naɗe su da kanta a cikin rigunanta, ba ta taɓa barin mai aiki ta wanke ko ɗaya ba. Ta ce in kewar gida ta dame ta, sai ta kulle ƙofa ta kifa su ɗaya bayan ɗaya tana kallon ɗigona. A nan fushina ya ƙare, na neme shi na rasa.

Rosalind ta dawo daga aiki da yamma ta tarar da uwarta ba takalmi, ta ɗora rigar girki a kan sarƙar lu'ulu'u, tana zagina da muryar da yarinyar ba ta taɓa ji ba. Na ce, "Queenie, ko ki gaya mata ko in gaya mata, kuma ni ba na rage labari." Ta zaunar da ita ta faɗa mata komai, har da amalanken gawayi. Yarinyar ta dubi kabad, ta dubi hannun uwarta. Sai ta ce, "Mama, ke nan da hannunki kika shafa zinariyar nan? Shekara talatin ina alfahari da wani limamin da ban sani ba, alhali ke ce?" Ta rungume ta. Na fita lambu na bar su, kyanwar tana ta hararata, ina jin ta gane danginka ne.

Batun Tranter, mun yi shawara a bar shi ya zo ranar da aka sa. Queenie ta ce ta gaji, ita da kanta za ta gaya wa matar fasto, wanda zai daina gaishe ta ya daina. Amma sai mun bar mutumin ya gama ƙwanƙwasawa ya faɗi shekarun tukuna. Ina so in ji shekara nawa zai ba ni.

Saura abu ɗaya, kuma ba na so ka karanta wa kowa. Jiya da rana Queenie ta kwaɓa wainarmu ta Stoke, karo na farko tun da ta bar gida, ta narka cuku a ciki. Ta ɗauko babban faranti daga kabad ta zuba mini. Na ce ta kawo na kicin, ta ce in rufe mata baki. Shekara talatin da takwas ina zana kayan cin abinci, dubbai sun bi ta hannuna sun tafi gidajen da ba a san sunana ba, amma ban taɓa cin ko loma ɗaya a kan farantin da na zana ba. Ba irin namu ba ne, kwanon shagon lungu muke saya, in ban da kofin madararka guda ɗaya. Ina ci wardin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin wainar, har na tuna ranar da na yi kowanne. Na ajiye cokali ina kallonsu. Queenie ta ce, "Ci mana, 'yar banza, zai huce." Na cinye tas, na ce ta ƙaro.

Da muka gama na ce mata, "To, yaron nawa fa?"

Ta ce, "Wawa ne."

Na ce, "Na sani. Ba shi na tambaye ki ba."

Ta ce, "Ki ce masa ya zo."

Ka zo ranar Lahadi ƙarfe ɗaya. Ka yi aski, ka sa kwat ɗinka mai kyau, ka taho da zobe.

Goggonka,
Mavis